Itatuwan Bakin Pompo

Ramatou ta fi shekara ashirin tana saida cuku da dabino a ƙofar gidanta, cikin tsohon garin Agadez. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta sun yi aure, saura ita da awakinta uku. Daga inda take shimfiɗa tabarma tana hangen pompon unguwa, a wani ɗan fili inda lunguna uku suka haɗu. Ko itace ɗaya babu a filin. Lokacin sanyi ba wanda abin ya dama. Amma in bazara ta kama, tun da hantsi rana ke sauka wurin ta zauna daram. Kowace mace sai ta ajiye bidonta, wato jarkar ɗiban ruwa, a layi, ta koma jikin katanga tana raɓe a ƴar siririyar inuwa, wadda ita ma kafin azahar ta gudu.

A farkon bazarar wannan shekara, wata Talata, Jamila matar Illiya maƙerin azurfa ta faɗi a bakin pompo. Cikinta wata bakwai. Ramatou na kallonta lokacin da ta sunkuya za ta ja bido, sai kawai ta sulale. Ramatou ta tashi da gudun da ta manta tana da shi, ta ture farantin dabino bai dame ta ba. Ita da wasu mata biyu suka ɗauko ta zuwa zaurenta, aka jiƙa mata zane aka shafa mata ruwa a fuska da wuya, har ta buɗe ido.

"Inna, ina bidona? Kar a wuce ni a layi," shi ne abin da ta fara faɗi.

Matan suka yi dariya don sun ji sanyi a ransu. Ramatou ba ta yi ba. Ta raka Jamila gida, ta dawo ta tsince dabinonta ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa tana hure su, ranta a ɓace, ba ta ma san wa za ta yi wa faɗa ba.

Kwana biyu bayan haka ta shiga motar da ke ɗauko albasa, ta tafi Dabaga wurin ƙanenta Tijjani, wanda ke noman lambu a can. Ta same shi yana gyara magudanar ruwa tsakanin fangalai. Da ta gama gaya masa abin da ya kawo ta, ya jingina fartanya ya dube ta.

"Yaya, dashe a bazara? A cikin birni? Ki bari ruwa ya sauka mana."

"In na bari har damina, kowa ya koma kan yaɓen katangarsa. Yanzu ne suke tuna yadda yarinyar nan ta faɗi. Nan da wata biyu sun manta."

Tijjani ya san yayarsa. Sai ya ja ta can ƙarshen lambu, inda ruwan rijiya ba ya kaiwa, ya nuna mata wata ƴar magarya da ta yi kore shar. Ya ɗaga wani faffaɗan dutse a gindinta. A ƙarƙashinsa bakin tulu ne, an binne shi har wuya.

"Tulun ƙasa yana zufa," in ji shi. "In kin cika shi kin rufe, ruwan na tsattsafowa kaɗan kaɗan daidai saiwa. Rana ba ta shan ko ɗigo. Buta biyu a yini ta ishe shi. Amma fa ba a fashi."

Ya zaɓo mata ƙananan itatuwa goma sha ɗaya cikin ledojinsu, dogon yaro da magarya da bagaruwa. Ta riƙe kwandon a cinya tun daga Dabaga har gida, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, duk inda mota ta faɗa rami sai ta rungume shi.

Mai unguwa bai ƙi ba. Ya ce a taru bayan la'asar a filin pompo kowa ya ji. Mutane suka zo fiye da yadda Ramatou ta zata. Ta yi bayani, duk da ba ta saba magana gaban maza masu yawa ba. Ta ce kowane gida zai ɗauki itace ɗaya, ya kawo tulu ɗaya, ya riƙa zuba masa ruwan alwala da aka tara a roba maimakon a watsar a lungu. Mata suka fara gyaɗa kai.

Sai Malam Chaibou ya yi gyaran murya. Dattijo ne dogo, gidansa ne ke fuskantar pompo daga gabas. Ɗan gidan magina ne, amma ya shekara talatin yana aiki a mahaƙar gawayi ta Anou Araren kafin ya dawo gida, kuma tun dawowarsa ba a cika ganinsa cikin sha'anin unguwa ba.

"Bon," ya ce, don bakinsa ya saba da Faransanci. "Ramatou, kin san da me aka gina gidajen nan?"

"Da ƙasa, Malam."

"To mene ne ke kashe ginin ƙasa? Ruwa. Kakana ya ɗora katangar nan, ta kai yau don gindinta a bushe yake. Ke kuma kin zo za ki binne mini tulun ruwa a ƙafarta, ki kawo saiwa ta shiga ƙarƙashi. In ta faɗi, inuwar dogon yaro zan kwana?"

Ramatou ta ji fuskarta ta ɗauki zafi. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne gaskiya ya faɗa, ita kuwa ba ta taɓa tunanin haka ba. Ta haɗiye abin da ya zo mata baki.

"Malam, ni cuku na sani, ban san gini ba. Taku nawa ya kamata a bari tsakanin itace da katanga?"

"Ban ce zan sa hannu ba."

"Ban ce ka sa hannu ba. Ƙafa na roƙa."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Malam Chaibou ya harare shi, sannan ya tattare rigarsa, ya jingina diddige da katangarsa ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. Da ya kai takwas ya tsaya, ya ja layi da sandarsa. Ya yi haka ta kowane ɓangare, har jikin gidajen da ba nasa ba. Da ya gama, wuri tara kacal ya rage da za a iya haƙa rami.

"Wanda ya ƙetare layin nan, ni da shi," ya ce, ya shige gida.

Ran Asabar aka yi gayya. Tun da sassafe aka fara da tsince ledojin da iska ta tara a kusurwoyi, buhu shida cur, wanda Illiya ya ɗora a amalanke ya kai juji. Maza suka haƙa ramuka, ƙasar ta yi tauri har sai da aka ari diga. Mata suka fito da tuluna, wasu tun na kayan ɗakin iyayensu. Ramatou ta riƙa ƙwanƙwasa kowanne da yatsa tana saurare kamar yadda Tijjani ya koya mata, mai tsaga ta mayar. Aka zuba takin awaki, aka dasa tara, biyun da suka rage ta ajiye a tsakar gidanta. Aka kewaye kowanne da ƙaya. Jamila, da aka hana ta ɗaga komai, ta zauna a zauren Ramatou tana damun fura tana aika wa ma'aikata. Ƙofar Malam Chaibou a rufe har aka watse.

Kwana huɗu abin ya tafi daidai. A na biyar, Ramatou ta dawo daga kasuwa da rana ta tarar da ƙayar a ture, itatuwa huɗu sun koma tsinke. A gindin na huɗun akuya ce tsaye tana tauna ganyen ƙarshe, hankalinta kwance. Farar akuyar Ramatou ce, da igiyarta tsinkakkiya a wuya.

Ta ɗaure ta, ta koma ta zauna a bakin ƙofa, ko farantin sana'arta ba ta fito da shi ba. Maƙwabciyarta Biba, wadda magaryar gidanta na cikin waɗanda aka cinye, ta zo ta tsaya da hannu a ƙugu, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga fuskar Ramatou, sai ta fasa ta zauna kusa da ita.

"Ko akuyar wani ce da na san abin da zan ce," in ji Ramatou. "Tawa ce, Biba."

"To ai ita ma ƴar unguwa ce. Ta ɗauki nata kason."

Ramatou ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Da ta ɗaga kai ta hangi Malam Chaibou a ƙofarsa yana duban ƙayar da aka ture. Ta jira ya ce ai ya faɗa. Sai kawai ya juya ya shige gida.

Washegari da hantsi ta fito ta same shi a bakin pompo, ya naɗe wando har gwiwa, yana taka laka a inda ruwan da ke zuba daga bido ke taruwa ya yi caɓi. A gefensa ga tulin jar ƙasa da wani tsohon akwatin katako na buga tubali.

"Ƙaya ba ta tare akuyar birni," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "A gaya wa mutane ina son kashin jaki da ƙaiƙayi. Da majiya ƙarfi biyu masu jin magana."

Illiya ya rufe maƙerarsa ya zo, ya kawo abokinsa Bashar mai gyaran babur. Hannun da ya saba da azurfa bai iya laka ba, kwana na farko Malam Chaibou ya rusa masa tubali ya fi ashirin. Rana kuwa ta taimaka, kwana biyu tubali ya bushe ƙarau. Dattijon ya gina wa kowane itace kewayayyen gida mai tsayin ƙirji, ya bar ƴan tagogi tsakanin tubali don iska ta ratsa, da ƙofa ƙarama a ƙasa daidai bakin tulu, inda hannu zai shiga amma kan akuya ba zai shiga ba. Ramatou ta lura cewa in yana aiki fuskarsa na sakewa, har yakan ba Illiya labarin yadda mahaifinsa ke hawa da shi kan soro yana yaro, a ce ya gane ƙasa mai kyau da ƙamshinta. Biyu daga cikin waɗanda akuya ta ci suka sake tofo. Biyun da suka mutu aka maye su da na tsakar gidan Ramatou.

Daga nan abin ya zama jiki. Da safe da yamma sai ka ga mace ta fito da buta ko roba ta nufi itacen gidansu. Har aka fara gasa a ɓoye, kowace na leƙa tagar na maƙwabciya ta ga ko ya fi nata ganye. Jamila ta haihu lafiya, mace, ranar suna ma baƙi daga wasu unguwanni suka yi ta tambaya waɗannan ƙananan rumbunan na mene ne a tsakiyar fili.

Sannan, da bazara ta yi nisa, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, pompo ya ƙafe. Aka ce gyara ake yi, kwana biyu ne. Kwana biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama mako. Ruwa sai wanda masu amalanke suka kawo daga nesa, shi ma ba ya isa. A gidaje da yawa aka koma amfani da ruwan alwala a wanke kwanoni, na kwanonin a ba dabbobi. Ramatou ta zura hannu cikin tuluna ta ji huɗu a bushe.

Biba ce ta faɗa mata a fili.

"Ramatou, kar ki ga laifina. Yara shida gare ni. Ba zan hana su in ba magarya ba."

"Wa ya ce ki hana su? Ko ni ban yarda kowa ya zuba ruwan sha ba."

Ta faɗi haka, amma ranar ita kanta rabin butarta ta sha, ta kai sauran. Ta san ba hanya ba ce. Buta ɗaya ba za ta riƙe itace tara ba.

Da azahar tana zaune tana kallon maza na fitowa daga ƙaramin masallacin unguwa, ta ga ƙasar ƙofarsa a jiƙe. Ko an rasa na wanka, ba a rasa na alwala, sau biyar a yini, kuma duk a ƙasa yake tafiya. Ta yafa mayafi ta nufi gidan Malam Chaibou, karo na farko tun da suke maƙwabtaka da ta je da buƙata. Ta yi sallama, ya fito, ta gaya masa.

"Ni ba zan iya tsayawa a ƙofar masallaci in ce wa maza ga yadda za su yi alwala ba," ta ce. "Kai za ka iya."

Ya shafa gemu. "Ruwan nan ma ya daɗe yana cin gindin masallacin. Na sha faɗa." Ya gyaɗa kai. "Dakor, na yarda. Ki nemo manyan robobi."

Bayan la'asar liman ya yi wa jama'a magana gajeriya. Aka jera robobi huɗu a bakin ƙofa, aka ɗora katako a kan tubali don zama. Tsofaffi suka yi gunaguni kwana ɗaya, suka saba. Bayan kowace sallah Illiya ko Bashar ko duk wanda ya riga fita sai ya ɗauki roba ya kai fili. Ruwan bai kai ya cika tulu tara ba, don haka Ramatou ta raba, yau waɗannan gobe waɗancan, ta fi ba waɗanda ganyensu ya fara lanƙwasa. Kwana goma sha ɗaya pompo ya yi kafin ya yi tari ya kawo ruwa. A tsakanin nan dogon yaro biyu sun bushe har saiwa. Ɗaya daga ciki na gidan Ramatou ne, don shi ta riƙa tsallakewa in ruwa ya gaza. Ta cire tsinken da hannunta, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Robobin masallaci kuwa ba a ɗauke su ba ko bayan ruwa ya dawo.

Da hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun arewa, Malam Chaibou ya sake tara mutane. Ya ce ruwan sama in ya sauko daga indararo yakan bi lungunan nan uku ya taru a fili ya kwanta jikin katangu. Ya sa aka ja ƴan ƙananan kunyoyi masu lanƙwasa, kowace ta karkato ruwa zuwa gindin itace. Aikin yini ɗaya ne, kuma wannan karon ba a aika kiran kowa ba, mutane da kansu suka fito da fartanya.

Ruwan farko ya zo wata Laraba da yamma. Iska ta fara, sannan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ramatou ta kwashe farantinta ta tsaya a zaure tana kallo. Jan ruwa ya gangaro daga lungunan, ya bugi kunyoyin, ya rabu, ya bi ta ƙananan ƙofofin ya shige gindin itatuwa. A ɗaya gefen filin ga Malam Chaibou tsaye cikin ruwa da buhu a ka, ba itatuwan yake kallo ba, gindin katangarsa yake duba. Da ya gamsu ya ɗago mata hannu, ta ɗaga masa.

Bakwai suka rayu. Kafin damina ta ɗauke, bagaruwar gidan Illiya ta leƙo saman ginin da aka yi mata, magaryar Biba ta cika tagoginta da ganye. Inuwa dai tukuna, Tijjani ya ce sai an ƙara shekara uku ko huɗu, ya kuma aiko da biyu a madadin waɗanda suka bushe.

Wata safiya wata mata mai suna Zeinabou ta zo daga unguwar da ke bayan kasuwar dabbobi. Ta sayi cuku, ta tsaya tana jujjuya shi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Su ma suna da fili a gaban makarantar unguwarsu, rana tsirara. Sun ji labari, suna so, ba su san ta inda za su fara ba.

"Akwai katangun ƙasa kusa?" in ji Ramatou.

"Ta ɓangare biyu."

"Awaki fa?"

Zeinabou ta yi dariya. "Hajiya, bayan kasuwar dabbobi fa na ce."

Ramatou ta rufe farantinta da faifai, ta leƙa ta ce wa Biba ta kula mata da ƙofa. Ta ratsa fili ta tsaya a gidan gabas ta yi sallama da ƙarfi.

"Malam! Ɗauko sandarka, akwai inda za mu je awo."

Daga ciki ya amsa cewa shi ba ɗan aikenta ba ne, kuma gwiwarsa na ciwo. Suka tsaya suna jira. Can sai ga shi ya fito yana gyara rawani, sanda a hannu, yana tambayar Zeinabou wace irin ƙasa ce a wajensu, ja ko yashi. Suka kama hanya su uku, shi a gaba.